Ranar da Na Katse Kakata

Duk lokacin da na ji ƙarar ɓarar gyaɗa, gidanmu na Kibiya nake tunawa, da kakata ta wajen uba zaune a gindin rumbu, ƙwarya a tsakanin ƙafafunta.

Ita kaɗai ta rage cikin manyan gidanmu da ta san yadda garin ya samu sunansa. Kuma ba ta faɗa a cikin taro. Jika sai ya cika azumi talatin karon farko, sannan ta kira shi shi kaɗai ta ba shi, sau ɗaya tak. Ta ce haka ita ma aka ba ta.

Nawa ya zo da bazara, ana shirya irin shuka. Lokacin an sa ni elemantare a Rano, na iya rubuta sunana da boko, kaina ya kumbura. Ta jawo ni kusa da ita, ta zuba mini gyaɗa a cinya.

"Maigida, zauna ka karɓi gadonka, tunda ko zane ba ka taɓa saya mini ba."

Ta fara da wani maharbi da ya sauka a gindin dutse da kwarinsa, ƙishirwa ta kusa kashe shi. Nan na katse ta. Na ce malaminmu ya ce abin da ba a rubuta ba tatsuniya ce. Har da dariyata.

Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta kwashe gyaɗar daga cinyata ta mayar cikin ƙwarya.

"To, je ka karanto a takardar."

Na ɗauka wasan jika da kaka ne, gobe za ta sake kirana. Ba ta kira ba, ni kuma girman kai ya hana ni roƙo. Kafin a cire gyaɗar shekarar, aka kai ta makwancinta.

Yayyena biyu da suka ji labarin har ƙarshe duk sun rasu. Kunya ta hana ni tambayarsu, kullum ina cewa sai wani zuwan. Yau yara na ta zuba tambaya a waya, kowa da amsar da yake samu, babu irin ta gidanmu. Na ga takardu da yawa a rayuwata, ban sami inda aka rubuta shi ba.

Bana jikata ta cika azuminta. Na kira ta ita kaɗai, na ba ta labarin har gindin dutsen nan, na tsaya daidai inda na katse kakata. Ta ce, "Sai aka yi yaya?" Wallahi hawaye ne suka ba ta amsa.