Kawu da San Tsintuwa

Shekarun baya, lokacin da man fetur ya zama sai wane da wane, ina aiki a ɗan gidan rediyon garinmu, can arewa da Kano. Don kara nake cewa gidan rediyo. Ɗaki biyu ne a bayan tsohon siton taki, sai dogon ƙarfe a tsakar gida da janareta mai tarin fuka. Ƙungiyar manoma ce ta yi karo-karo ta kafa shi, wani tsohon malamin makaranta yake riƙe da shi, muna ce masa Manaja. Ni ce mai shirin cigiya. Duk wanda ya zo da cigiya ko tsintuwa, rikoda muke kanga masa a baki ya faɗi da kansa, da yamma mu saka kaset ɗin. Mutanen ƙauye sun fi yarda da muryar da suka sani a kan tawa, ni da suke cewa ina magana kamar mai mura.

Shekarar damina ba ta yi kyau ba, hatsi ya yi tsada, satar shanu ta yi yawa. Zukata sun bushe. Wanda duk aka yi wa ihun ɓarawo da wuya ya kai hannun hukuma da ransa.

Ana cikin haka kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya zo mana a kan kekensa. Ya wayi gari ya tarar da wani san huɗa a gonarsa, ya ɗaure shi a gida, ya zo ba da sanarwa. Na ɗauki muryarsa, ya tafi yana ta murna za a ji shi a rediyo. Da yammar nan manmu ya ƙare. Muka rufe tasha muna cewa gobe za a samu, goben ta yi ta zama gobe. Shi kuwa Kawu batirin rediyonsa ya daɗe da mutuwa, bai ma san mun yi shiru ba. Ya ga babu wanda ya zo, ga sa yana cinye masa harawa, sai ranar kasuwar wani gari mai nisa da mu ya ja shi zuwa kara, inda ake cinikin shanu, wai ya tambayi dillalai ko sun san mai shi.

Muna zaune da Manaja a gindin darbejiya da hantsi wayarsa ta yi ƙara. Wani dillali ne maƙwabcin Kawu, da ƙyar ake jinsa saboda hayaniya.

"Malam, 'ya'yan mai san sun gan shi a hannun kawun yarinyar nan, sun yi masa ihu! An fasa masa baki. Sarkin kara ya shigar da shi rumfarsa ya tare ƙofa, amma har an mirgino taya. Ya ce ya kai sanarwa wurinku, sun ce su ba su ji ba!"

Ko a lokacin muka hau babur, kafin mu isa an gama. Manaja ya miƙe, ban taɓa ganin ya yi sauri irin na ranar ba.

"Ka ce duk mai rediyo a kasuwar nan ya kunna tasharmu ya ƙure murya," in ji shi. Ya juyo gare ni. "Ke kuma nemo kaset ɗin."

Ya zura tiyo a tankin tsohon babur ɗinsa ya zuƙa, man da ya fito bai kai rabin kwalba ba. Ya yi ta jan igiyar janareta tana tari tana mutuwa, ni ina ciki ina watsi da kasa-kasai, ina jan Hasbunallahu. Da ta kama sai ya leƙo ta taga, bakinsa duk fetur.

"Man nan ba zai kai ko'ina ba. Ban da surutu, saka kawai!"

Na faɗi cewa sanarwa ce da aka ɗauka tun kwanakin baya, na danna. Sai ga muryar Kawu cikin natsuwa: "Assalamu alaikum. To, da farko dai ina gai da limaminmu..."

Na manta da gaisuwar nan. Kawu ya gai da liman, ya gai da mai unguwa, ya gai da surukansa na Ɗambatta ɗaya bayan ɗaya, har da wanda ya ara masa garma. Madannin tura kaset gaba kuwa ya daɗe da lalacewa. Fitilar ɗakin ta fara lumshewa. Ni da ake ce wa mai kunya, ina tsaye ina yi wa rikoda tsawa ina kuka: "Kawu, don girman Allah ka kai ga san!"

Can ya yi gyaran murya. "To, akwai wani jan sa mai karyayyen ƙahon hagu, da tabon karkiya a wuya. Yana gidana a ɗaure, ya ci ya sha. Mai shi don Allah ya zo ya ɗauki abinsa, amana ce ta yi min nauyi."

Bai kai ga sallama ba janareta ta mutu. Ba mu san ko an ji ba, ba mu san ko akwai sauran wanda za a ceta ba. Da wayar ta sake ƙara ban iya kallonta ba.

Manaja ya ɗauka, dillalin ya ce kasuwa ta yi tsit. Rediyon masu shayi da na mahauta duk muryar Kawu, ga shi kuma a zaune a ƙasa bakinsa na jini. Babban ɗan mai san ne ya fara yar da sandarsa, sauran suka zare jiki ɗaya-ɗaya.

Tashar ta yi wasu shekaru tana ɗingishi kafin ta rufe. Ni dai tun ranar na san shirun gidan rediyo ma yana iya kashe mutum, kuma har yau in na ji an yi ihun ɓarawo Kawu nake tunawa. Kawu ya warke, haƙora biyu kawai ya bari a kara, mai san ma ya zo har gida ya ba shi haƙuri. Amma wata damina na kai masa ziyara gona, muka ga tunkiyar wani tana yawo da guntuwar igiya a wuya, tana ta kuka. Na ce mu kama ta a yi cigiya. Ya ci gaba da nomansa, ko ɗago kai bai yi ba.

"Bar ta, 'yar nan," ya ce. "Ni ban ga komai ba."