Kwalabe Cikin Safa

A ofishin ƙungiyar da ke taimaka wa masu shaye-shaye, wani dattijo yana zaune a bakin benci, dab da ƙofa, kamar mai shirin gudu. Da alama tela ne, don ga zare maƙale a hannun rigarsa. Yana rungume da leda a ƙirji. Kwalaben maganin tari ne a ciki, ya cusa kowacce cikin safa don kada su yi ƙara a hanya.

Wata ma'aikaciya da ya fara yi wa bayanin wata yarinya ta durƙusa gabansa. "Baba, mu ba hukuma ba ne. Magani za mu nema mata, ba ɗauri ba."

"'Yar maƙwabcina ce," in ji shi. "In na faɗi sunanta, ina za ki kai shi?"

'Yar maƙwabci, amma ya san yaushe ta daina cin abinci, ya san yadda numfashinta ke sarƙewa cikin barci.

Jiniyar 'yan sanda ta gifta a titi. Ya miƙe zumbur. Sai da ƙarar ta yi nisa ya zauna.

"Ki rufa mini asiri," ya ce a hankali. "Ita kaɗai na haifa."