Gabu a Akwatin Yaya Bello

Ranar wata Laraba, shekarar da na sauke Alƙur'ani, duk gidanmu na Lahodu muka fito bakin hanya rakiyar Yaya Bello. Ya ci jarrabawa, aka ɗauki nauyin karatunsa a wata jami'ar masu hali a Abuja. Baba ya dafa kansa ya yi addu'a mai tsawo, mai babur yana jiran kai shi Achida ya hau mota.

Ni aka ba wankin kayansa. Riguna uku ne kacal. Na wanke su, na shanya a kan danga, sannan na adana su a ɗakin Baba, inda ake ajiye irin albasa, don a sanina babu wuri mai daraja kamarsa a gidanmu. Da albasa muke ci, da ita muke sutura. Mun taso muna wasan ɓuya a bayan rudu, rumfar da ake shanya ta. Na kuma ɗebi gabu, busasshen ganyen albasa da Inna ta daka, na cusa tsakanin rigunan ba tare da kowa ya sani ba, na rubuta masa da ajami: don miyarka.

Da ya dawo hutu ya rame, ya rage magana. Wata safiya ya same ni ina shara, ya ce, "Hadiza, mi kinka sa min cikin akwati?" Sai ya ba ni labari: gabun ya murmushe a hanya, ya shiga kowane zare. Abokan ɗakinsa suna kai kayansu wurin wanki na inji, suna fesa turare, shi kuwa kuɗin da ake ba shi bai wuce na abinci ba. Suka sa masa suna Mai Albasa. Idan ya zauna a aji sai a matsa, har a masallaci ya koma tsayuwa a ƙarshen sahu. Ba mu san Baba yana bayan danga yana alwala ba.

Baba bai taɓa tayar da zancen ba. Shekara huɗu bayan nan Yaya ya aiko a zo bikin kammala karatunsa, har da kuɗin mota. Baba ya daɗe yana duban tafin hannunsa, ya ce, "Hannun ga ba ya rabuwa da albasa. Ku bar yaron ya tsaya cikin mutane da sauƙi." Yaya ya roƙe shi a waya har da kuka, bai je ba. Kafin damina ta zagayo Allah Ya karɓi abinSa.

Yanzu Yaya yana da gida a Abuja, turarensa ya fi ƙarfin ƙirge. Duk kaka sai ya kira ni in aika masa gabu, ni kuma in naɗe shi a leda uku. Bana ya ce, "Bar naɗewa, Hadiza. Ƙamshin Baba nika so."

Allah Ya jiƙan Baba. Har yau ban iya aika gabun a buɗe ba.