Garmar Sajan Japhet ta je Saliyo

Kullum da sassafe, kafin mata su hura wuta, mutanen hanyar Dabai sukan ga wani dattijo ya wuce da garma a kafaɗa, 'yar rediyo rataye a wuya, yana taka ƙasa ɗai-ɗai kamar har yanzu yana fareti. Sajan Japhet ke nan, wanda ya ajiye kaki bana, shekarar 2006, bayan shekara talatin da biyar yana dafa wa sojoji abinci. I, kuku ne. Kada kowa ya taɓe baki, ku tsaya ku ji!

Mu a Zuru ba a yi mana bayanin soja, kusan kowane gida akwai hoton mai kaki a bango. Manya su zauna a Abuja su sa hannu a takarda cewa Najeriya za ta kai zaman lafiya wata ƙasa, 'ya'yanmu ne ke hawa jirgin. To duk inda aka tura Japhet, ƙarfen garmarsa na ƙasan jakarsa, a naɗe cikin tsohon bargo. Da ita ya yi golmo, noman shekara bakwai da saurayi ke yi wa surukai kafin a ba shi mata. Beatrice matarsa takan ce, "Garmar nan ta riga ni shiga gidan, ni na isa in hana ta tafiya?"

Labarin Saliyo kuwa ba daga bakinsa na ji ba, don shi ba ya faɗa. Lawwali mutumin Mahuta, direban tankar ruwan rundunarsu, shi ya zauna a tabarmata ya ba ni.

A 2001 ne, farkon damina. An ajiye su a gefen wani ƙauye, 'yan tawaye kusan arba'in na kan tudu a ɗaya gefen, sun ƙi miƙa bindigogi. Kwamanda ya ba su wa'adi: in Juma'a ta yi ba su sauko ba, motoci masu sulke za su hau. Ƙauyen kuma yana tsakiya, da tsofaffi da mata a ciki, ba wanda ya yarda ya fita gona.

Ran Talata Japhet ya sauke tukunyar rana, sai ya hango wata tsohuwa zaune bakin gonarta da ƙullin iri a cinya, tana kallon ƙasa. Yaƙi ya cinye 'ya'yanta maza. Bawan Allah bai tambayi kowa komai ba, ya sara itace ya yi wa garma ƙota, ya tuɓe riga ya shiga.

Lawwali ya bi shi yana ihu: "Kai Baban Tukunya, mi kake yi? Ga su can suna kallonka ta bakin bindiga!"

"Su kalla mana. Ƙasa ta jiƙa, Lawwali. Kai ka iya ganin wannan ka yi barci?"

Ya fara huɗa irin ta dawa, kunyoyi dogaye, miƙaƙƙu, tsayinsu har gwiwa, irin wadda suruki ke gani ya gyaɗa kai. Tsohuwa ta miƙe tana ɗaga hannu tana magana da yarensu, shi kuwa ya ɗauka godiya ce, ya ƙara wuta!

Ashe irin shinkafa ne a ƙullin nata. Su can watsa ta suke yi a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, su bi da 'yar fartanya su rufe. Mutumin Zuru ya je yana ɓata wa baiwar Allah gona da iyakar ƙarfinsa.

Sai dariya ta ɓarke a kan tudu. Can sai ga shugaban 'yan tawayen, wani dogo mai tabo a kunci, yana gangarowa da bindiga a hannu. Lawwali ya ce shi dai ya fara salati. Mutumin ya tsaya kan Japhet, ya dubi huɗar, ya dube shi, ya ce da guntun Turancinsu, "Soja, kaburbura kake haƙa mana tun kafin Juma'a?"

Japhet ya share gumi ya ce, "Noma nake."

"Wannan ne noma a garinku? Kawo nan!"

Garma ba ta ɗaukuwa da hannu ɗaya. Dole dogon ya jingina bindigar a jikin bishiya. Ya shiga baje huɗar yana faɗa, ashe manomi ne kafin yaƙi, shekara tara rabonsa da gona. Japhet bai yi girman kai ba, ya tsuguna yana koyo kamar sabon shiga, yana cewa, "To malam, sai kuma yaya?" Kafin la'asar mutum shida sun sauko don su nuna wa sojan Najeriya yadda ake yi. Japhet ya koma ya ɗora babbar tukunya, kowa ya ci.

Ran Laraba bindiga goma sha tara ce jingine a bishiyar. Ran Alhamis da yamma gonaki biyar sun sha iri, dogon nan ya aika wa kwamanda cewa a turo mota ta kwashe ƙarafan, su suna da aiki. Juma'a ta zo, ko harsashi ɗaya bai tashi ba!

An rubuta rahoto, an yaba wa runduna, sunan kuku bai fito ba. To ni yau na fito da shi.

Japhet, kai ne ka ciyar da dubban 'ya'yan mutane a ƙasashen da ba su san tuwo ba. Kai ne aka yi wa dariya ka bar ta ta yi aikinta. Na-Beatrice, mai garma a jakar yaƙi, mun gode, Allah Ya ƙara lafiya da tsawon rai.

Ku kuma samarinmu da ake shirin turawa Darfur, ku biya ta gonarsa kafin ku tafi. Ku riƙe bindigarku da kyau, amma ku tafi da wani abin da hannunku ya iya ban da ita, in kuma aka gyara muku, ku tsuguna ku koya. Ku ce ya nuna muku garmar. Ƙotar da ke jikinta yanzu, dogon nan mai tabo ne ya sassaƙa masa ita ranar rabuwa, ya ce wadda Japhet ya yi ma a karkace take.