Na Ga Lambar, Na Yi Shiru

Ni mutumin Jiga Makera ne, cikin ƙasar Aliero. Sunana ba zai amfane ku da komai ba, don haka na bar shi. Ina rubuta wannan ne domin samari masu tasowa, musamman waɗanda Allah ya ba sana'a a hannu har mutane suka fara yarda da maganarsu.

Da na gama firamare karatu bai ci gaba ba, sai mahaifina ya kai ni Jega koyon gyaran mota. Tun ina yaro ni mai yawan damuwa ne. In na kulle ɗaki sai na dawo na taɓa kwaɗon. In na yi alwala sai in ga kamar ban wanke gwiwar hannu ba, in sake. A gareji ma haka. In na ɗaure noti sai na kwance na sake ɗaurewa, mai mota yana tsaye yana tsaki. Maigidana ya yi haƙuri da ni har ya gaji, ya yaye ni, ya ce hannuna ba na sauri ba ne. Abokan aiki ba sa son zama da ni, don ko shinkafa aka kawo sai na tsaya tsince tsakuwa. Ɗaki na kama ni kaɗai a bayan tasha. Ni kaɗai nake cin abincina, ni nake wanke kwanona.

Sai aka yanke jihar Kebbi daga Sakkwato. Ma'aikata suka dawo Birnin Kebbi, da yawa iyalansu suna can baya, kowa yana neman 'yar ƙaramar mota ta zirga-zirga. Manoman albasa ma waɗanda kaka ta yi wa kyau suka shiga nema. Motocin hannu suka riƙa shigowa daga Kwatano, Jega kuwa mararraba ce, nan ake baje su. Mai saye yana tsoron a cuce shi, yana son wanda zai duba masa. A nan halin nan nawa da ya hana ni ci gaba a gareji ya zama abin nema.

Yadda nake dubawa shi ne, ba na yarda sai da sassafe, kafin a tayar da motar. In ɗora hannu a kan bonet. In na ji ɗumi, na san an riga an tayar da ita don kada a ji tarin da take yi da sanyi. In zaro ma'aunin baƙin mai in murza a yatsa, in buɗe murfin wurin zuba man in ga ko ya yi fari kamar kunu, alamar ruwa yana shiga inda bai kamata ba. In sa a taka totur in tsaya a bayan salansa ina kallon launin hayaƙi. In ɗaga kafet in nemi sawun walda. In duba tayoyi ko gefe guda suke cinyewa. In hau da ita hanyar Aliero in gwada giya da birki. Daga ƙarshe in haɗa lambar da aka buga a jikin motar da wadda ke cikin takarda. Ba na barin komai. Har magana ta bazu cewa in na ce mota lafiya take, to lafiya take.

Amma neman da ake yi mani na aiki ne kawai. Ana gama ciniki kowa ya kama gabansa.

Akwai wani dillalin motoci, bari in kira shi Alhaji Bawa. Sau da yawa na ɓata masa ciniki, ina zaton ya tsane ni. Wata rana da azahar ina wucewa ya ƙwala mani kira, ya matsa mani wuri a kan tabarmarsa, ya ce a kawo mani fura. Mutanensa suka riƙa yi mani ba'a, wai ni ne likitan da ba ya sallamar marar lafiya. Na yi dariya tare da su. Na daɗe ban yi dariya cikin mutane ba. Gobe na sake zuwa, jibi ma haka. In na makara sai a aiko a ce Alhaji yana tambaya ko lafiya. Ku da kuke da abokai ba za ku san nauyin wannan ba.

Bayan an saba, ranar nan ya ja ni gefe. Ya ce akwai motar da za a kawo ni in duba, tana ɗan shan baƙin mai.

"Ba ƙarya nic ce ka yi ba, Malam," in ji shi. "Abin da anka tambaye ka, faɗi. Wanda ba a tambaya ba, mi naka ciki?"

Na wuni ina juya maganar. Na gaya wa kaina cewa lallai shiru ba ƙarya ba ne. Aka zo, na duba, na lissafa wa mai saye cewa hannun ƙofar baya ya karye, fitila guda ta mutu, roba mai share gilashi ta ƙare. Duk gaskiya ne. Mutumin ya ji daɗi, ya ce lallai wannan ido ba ya barin komai. Bai tambayi baƙin mai ba, ni kuma ban faɗa ba. Da yamma Alhaji ya sa mani wani abu a aljihu, aka kawo tsire muka ci.

Daga nan hanya ta buɗe. Na ƙware wajen tara wa mai saye ƙananan aibobi har kansa ya cika, babban kuwa in bar shi a cikina. In na taɓa bonet na ji ɗumi, in janye hannuna. In na ɗaga kafet na ga an haɗa mota da walda, in mayar da shi, in koma maganar madubi. Kullum bayan an gama sai in koma ɗaki in bi maganganuna ɗaya bayan ɗaya, in tabbatar babu ƙarya a ciki, sannan in samu sauƙi. Ina nan ina sake alwala saboda gwiwar hannu, ga kuma abin da nake yi wa bayin Allah.

Sai ga Baba Sani. Manomin albasa ne daga Danwarai, abokin mahaifina tun suna samari. Ya taɓa tuƙa a-kori-kura, amma bai taɓa mallakar mota ba. Uwargidansa tana fama da ciwon ƙafa, kai ta asibiti Birnin Kebbi a motar haya yana wahalar da ita. Ya sayar da albasar da ya adana tun bara, ya zo Jega, bai tsaya ko'ina ba sai ɗakina.

"Ɗana, in da sa na, sai in buɗe bakinai in dubi haƙori, in ɗaga kofato," ya ce yana dariya. "Wagga kau ban san inda bakinta yake ba. Kai za ka duba mani."

Motar da ta kwanta masa a rai ta Alhaji Bawa ce, fara, mai ƙofa huɗu. Na duba ta da gaske, domin na yi niyyar ko mene ne zan faɗa masa. Injin lafiya, giya lafiya, babu walda. Na fara murna. Sai na sunkuya kan lambar jikin motar. Ta yi daidai da ta takarda. Amma da na shafa wurin na ji ya ɗan lotsa, kamar an goge ƙarfen an sake bugawa, haruffan ba su zauna a layi ba, fentin wurin kuma ya fi na kewaye sabunta. Na san ma'anar wannan. Na ɗago, muka haɗa ido da Alhaji. Sai ya gyara hularsa.

Na soma karatuna na kullum, taya guda ta tsufa, rediyo ba ya kamawa sosai. Baba Sani ya saurara har na gama. Shi mutum ne da ya saba sayen dabba, inda ake tambayar mai sayarwa aibi baki da baki. Ya dafa kafaɗata.

"To akwai wani aibi da ka gani ba ka faɗi ba?"

Ba wanda ya taɓa yi mani wannan tambayar. Babu sauran shirun da zan ɓuya a ciki. Mutanen tabarma duk suna kallona.

"Babu, Baba," na ce.

Aka yi ciniki, aka yi addu'a, ya ja motarsa.

Ba a daɗe ba, lokacin an gama dashen albasa ana ban-ruwa, ya ɗauki iyali zuwa suna a Maiyama. A shingen 'yan sanda aka tsayar da shi. Ashe da bindiga aka ƙwace motar daga mai ita a wani gari mai nisa, ana ta cigiyarta. Aka saukar da matan a bakin hanya, aka tafi da shi. Zamanin soja ne, kowa ya san inda maganar fashi take kai mutum, kuma ba a ba da beli. Kafin labari ya gama zagaya Jega, Alhaji Bawa ya tsallaka iyaka. Na je wurin tabarmar na tarar an naɗe ta.

Na zauna ina jiran a zo a kama ni. Duk motar da ta tsaya a bayan tasha sai in leƙa in ga ko su ne. Wanda ya zo shi ne Garba, ƙanin Baba Sani, ya dawo daga kai masa abinci. Ya ce Baba ya aiko shi. Wai in kwantar da hankalina, ya san ni ma rufe ni aka yi. Wai an tambaye shi ko akwai wanda ya duba masa motar, ya ce shi kaɗai ya yi cinikinsa, don kada a jawo ɗan abokinsa cikin wahala. Wai kada in kuskura in je wurin.

Na yi wa Garba godiya. Har ruwa na ba shi ya sha.

Ku ga abin da na yi maimakon in tafi inda ya kamata. Na hau mota na tafi Danwarai, na ce na zo taya su ban-ruwa. Garba shi kaɗai ba zai iya da gonarsa da ta yayansa da zaryar ofishin 'yan sanda ba, albasar har ta fara yin rawaya daga baki. Na tuɓe riga na shiga. Na gyara masu injin ban-ruwa, na yi ta jan tiyo har hannuna ya yi kanta. Mutanen gari suna wucewa suna sa mani albarka. Uwargidan Baba, da ciwon ƙafarta, ta riƙa aiko mani da tuwo gona. Ina buɗe kwanon sai in mayar da murfin. Halina ne dai na kullum, in yi ƙaramin alheri da kyau don in kauce wa babban.

Ranar nan Garba ya dawo da yamma, ya zauna a kan kunya bai cire takalmi ba. Ya ce za a ɗauke Baba a kai shi inda ake shari'ar 'yan fashi, tunda ya kasa kawo wanda ya sayar masa, ya kasa kawo shaida. Ya ce ya rame, ba ya cin abinci, tambayarsa kawai ko albasa ta sha ruwa.

Na ajiye tiyon. Washegari na tafi ofishin 'yan sanda da ƙafata na ce ni ne na duba motar. Na faɗi yadda na ga lambar, na faɗi sunan Alhaji, na faɗi sauran motocin da na rufa wa asiri. Aka fito da Baba don a haɗa mu. Da ya gan ni sai ya ɓata rai, ya fara yi mani faɗa, wai ba ya ce kada in zo ba? Ɗan sandan ya karanta masa abin da na faɗa. Baba ya dube ni.

"Ka gani?"

"Na gani, Baba."

Aka mayar da shi ciki.

Bincike ya ɗauki lokaci kafin a sake shi. Ya fito ya tarar da mafi yawan albasar ta lalace, ga mota ta tafi, ga kuɗin bara sun tafi. Ni kuma aka same ni da laifin zamba da taimaka wa sayar da kayan sata, aka kai ni gidan yari.

Ba zan cika ku da labarin can ba. Yunwa akwai, ƙwarƙwata akwai, amma ba su ne suka fi ci mani rai ba. Ranar ziyara ake kiran sunaye, kowa ya miƙe yana gyara riga. Ban taɓa jin nawa ba. Mahaifina kunyar abokinsa ta hana shi zuwa, kuma ban ga laifinsa ba. Mutanen da na sayar da amanata don in zauna cikinsu, ko gaisuwa babu wanda ya aiko. A can wani malami da ke koya mana karatu ya gaya mani cewa wanda aka nemi shawararsa amana aka ba shi, ɓoye aibi kuwa ha'inci ne ko da baki bai motsa ba. Na tuba ga Allah, ina kuma kan tuba.

Da aka sake ni, Danwarai na fara zuwa. Na same shi a gona, ya tsufa fiye da shekarun da na yi a ɗaure. Uwargidansa ta rasu ina ciki. Ban tambayi yadda aka riƙa kai ta asibiti ba, don ba zan iya jin amsar ba. Na durƙusa na roƙe shi gafara. Ya jingina da fartanyarsa.

"Na yafe maka don Allah, don ni ma ina son Ya yafe mani," ya ce. "Amma in mun gamu ga hanya, ka yi sallama ka wuce."

Haka muke har yau.

Yanzu facin taya nake yi a bakin hanyar Jega. Ban yi aure da wuri ba, kuma ba kowa ke zama a bencina ba.

Samari, in za ku sayi motar hannu, ku je da sassafe ku taɓa bonet da hannunku. Kada sheƙin fenti ya ɗauke ku. Ku shafa lambar, kada ku tsaya ga karanta ta. Ku zo da mai dubawa wanda ba ya cin abinci wurin dillali, kuma in ya cika ku da zancen madubi da rediyo, ku dube shi cikin ido ku tambaye shi abin da ya rage.

In kuwa kai ne aka kira ka duba, ko mota ce, ko gona, ko mutumin da za a ba aure, ka fara faɗin abin da ya fi yi maka nauyi a baki. Za a ji haushinka, wataƙila a daina kiranka cin abinci. Ka haƙura ka ci naka kai kaɗai. Na ɗanɗana kaɗaici iri biyu, na wanda ba a so don ya faɗi gaskiya, da na wanda aka yafe wa amma ba a son ganinsa. Wallahi na farkon yana barin mutum ya yi barci.