Hamma da Maganar Autan Gidanmu

Shekara bakwai ke nan da rasuwar babban yayanmu, wanda duk gidanmu muke kira Hamma. Ba zan faɗi sunansa na yanka ba, ba kuma zan faɗi nawa ba. Da yana raye, ko wannan ɗan abin da zan rubuta sai ya hana ni, domin mutum ne da ko hoton biki ake ɗauka yakan nemi wani dogo ya laɓe a bayansa. Amma watan rasuwarsa ya kama, ga fastocin 'yan takara sun fara cin bangon unguwarmu a Ƙofar Ran, sai na ji bana ba zan iya yin shiru ba.

Hamma mai gyaran kwamfuta ne. Shagonsa yana Yelwa, ɗan ƙarami, kullum cike da ɗalibai da malaman jami'a. Duk wanda ya kawo masa aiki, kafin ya karɓa sai ya ce, "Zauna ka kwashe kayanka tukuna. Ni inji nake gyarawa, ba ruwana da abin da ke cikinsa." In kuma ya gama, sai ya yanki ɗan baƙin salatif ya liƙe idon kyamarar kwamfutar, ko an sa shi ko ba a sa shi ba. Ɗalibai har suna suka sa masa, Malam Ana-Kallonmu. Mu ma a gida dariya muke masa. Ya hana a sa hoton 'ya'yansa a intanet, ya hana matarsa faɗin inda za ta a waya. Nakan ce masa, "Hamma, wa ya damu da mu? Mu su wa?" Sai ya ce, "Yau ba wanda ya damu da ke. Ranar da aka damu, za a tarar komai yana ajiye."

Abu na biyu da ya fi so a duniya shi ne hasashen zaɓe. Akwai benci a ƙofar shagon, in an yi la'asar nan majalisa take haɗuwa, shi kuma ya ɗauki ƙananan hukumomi ɗaya bayan ɗaya yana raba su, wannan ta wane ce, waccan ta kuɓuce masa. Yana magana kamar shi zai sanar da sakamakon. Kuma yawanci ba ya faɗa daidai. In an zo ana masa tsiya, ko a jikinsa. Yakan ce mutane ne ba sa faɗin gaskiyar wanda za su zaɓa, kuma hakan yana masa daɗi, domin wurin dangwala ƙuri'a ne kaɗai ya rage inda talaka zai tsaya ba mai leƙa shi. A zaɓen da ya wuce na ga samari suna ɗaukar hoton ƙuri'arsu suna yaɗawa da kansu. Na tuna da shi, na ce gara da bai gani ba.

Mu huɗu ne a wurin mahaifiyarmu, Dada: Hamma, sai ni da ƙannena suke kira Adda, sai Sabo, sai Auta. Mahaifinmu ya rasu Auta yana rarrafe, don haka Hamma ne ya zama uba. An haifi Auta namiji, an raɗa masa sunan maza, an yi masa duk abin da ake yi wa ɗa namiji. Yaro ne mai shiru, mai ƙoƙarin karatu. Bayan ya gama jami'a sai ya fara ramewa, ba ya ci, ba ya fira. Dada ta nemo rubutu, ni na ce asibiti, ba wanda ya gano komai.

Shekarar wani zaɓe ce, ana tsakiyar kamfen. Na taso daga makarantar da nake koyarwa, na biya shagon Hamma in gaishe shi, sai ga Auta da kwamfutarsa a hammata, ta ƙi kamawa. Hamma ya karɓa ya fara kwance bayanta. Auta ya ƙi zama, ya tsaya a kansa gumi yana karyo masa.

"Zauna mana," in ji Hamma. "Ka taɓa jin na buɗe kayan wani?"

Auta ya ce, "Hamma, gara ka ji daga bakina. Adda, kar ki tashi, ke ma ki ji."

Ya ce tun yana ƙarami bai taɓa jin kansa namiji ba. Ya ce ya yi addu'a, ya yi azumi, ya yi kuka, ya jira abin ya wuce, bai wuce ba. Mace yake jin kansa, kuma ba kwaikwayon kowa yake ba. Ya ce ya gaji da rayuwa kamar mai sanye da rigar wani.

Ni dai salati na kama yi. Hamma ya ajiye abin da ke hannunsa, ya tashi ya tura ƙofar shagon. Ya miƙa hannu ya ce mu ba shi wayoyinmu. Ya kashe su, har da tasa, ya zuba a durowa ya rufe. Sannan ya dawo ya zauna ya ce, "To. Wa ka faɗa wa? Da baki ko a rubuce?"

Auta ya ce akwai wasu da yake magana da su a intanet, masu irin halin da yake ciki. Hamma ya dafe kai ya daɗe a haka. Da ya ɗago ya ce, "Ba zan maka ƙarya in ce na gane ba. Ban gane ba. Kuma abin da na koya a wurin malamai bai bar ni in ce maka daidai ne ba. Amma a bayana ka yi wayo. Ba a gabana za a taɓa ka ba."

Ya roƙi Auta ya bar maganar a tsakaninmu mu uku. Auta ya yi haƙuri na wani lokaci, daga baya ya ce ba zai iya ci gaba da cin tuwon Dada yana mata ƙarya ba. Hamma ya ga ba zai tanƙwasu ba, sai ya ce to a yi a gabansa.

Ranar wata Juma'a ce, bayan an sauko an ci abinci. Muka taru a ɗakin Dada. Hamma ya ɗauki kwanon sha ya bi kowa ya karɓi wayarsa, ya kai tsakar gida ya ajiye. Sabo yana dariya yana cewa yau kuma wane ɗan takara za a tona wa asiri. Auta ya durƙusa gaban Dada ya maimaita abin da ya faɗa mana. Dada ta dube shi kamar da wani yare yake magana. Da ta fahimta, sai ta juya fuskarta bango ta ce, "Fita."

Sabo ne ya tashi da faɗa. Ya ce an zubar da mutuncin gidan malamai, ya ce yanzu zai je ya kai ƙara inda za a gyara wa Auta zama. Ya nufi ƙofa, Hamma ya riga shi, ya tsaya a bakinta. Hamma ba mai tsawo ba ne, Sabo ya fi shi ƙarfi nesa. Bai ɗaga murya ba, ya ce, "Ka san abin da za a yi masa a titi in maganar nan ta fita. Kai za ka wanke gawar? In za ka iya, ga hanya." Sabo ya tsaya yana huci, daga baya ya koma ya zauna yana kuka. Ban taɓa ganin kukansa ba tun yana yaro.

Na san cikin masu karanta wannan akwai waɗanda ransu ya riga ya ɓaci, suna jira su ji ɓangaren da nake. Ni ba malamar addini ba ce, ban zo ba da fatawa ba. Har yau akwai abin da ban gane ba. Abin da na gani da idona kawai nake faɗa, wato yadda wani bawan Allah mai salla a sahun farko ya riƙe gidan da yake neman tarwatsewa.

Hamma ya ɗauke Auta ya kai shi gidansa a Yelwa. Ya zaunar da shi ya goge duk abin da za a iya gogewa, ya koya masa abin da ba a rubutawa da abin da ba a turawa. Daga baya ya samo masa aiki ta hannun wani abokinsa a wani gari mai nisa, wanda ba zan ambata ba. Ranar tafiyar, a tasha, Auta ya roƙe mu mu riƙa kiransa yadda ake kiran mace. Hamma ya sosa ƙeya ya ce bakinsa ya tsufa, zai riƙa cewa Auta kawai, kuma ai a kasuwar garin nan rabin mutane ba sa bambance "ya zo" da "ta zo". Muka yi dariya, dariyar da ba ta kai ciki ba. Ni na amsa. A waya "ke" nake ce mata, kuma daga nan zuwa ƙarshen rubutun nan haka zan kira ta.

A hanyar dawowa, cikin keke, Hamma ya ce min, "Ki sa ido. Kafin a rantsar da sabuwar gwamnati Dada za ta sauko." Ɗan takararsa ya faɗi, aka rantsar da wani, Dada ba ta sauko ba. Ko sunan Auta ba a ambata a gabanta.

Hamma bai daɗe a duniya bayan haka ba. Hawan jini ne, wanda ya ɓoye mana kamar yadda yake ɓoye komai. Ya yanke jiki ya faɗi a shago, ya yi 'yan kwanaki a asibiti, Allah Ya karɓi abinsa. Auta ta kwana a mota ta zo. Ta shigo cikin jallabiya da hula, ta tsaya a sahun maza, ta sa kafaɗa a makara har maƙabarta. Da aka dawo ta je gaishe da Dada, Dada ta amsa ta'aziyyar kowa ban da tata. A soro ta kama hannuna ta ce, "Adda, saboda shi na sa kayan nan. Ba na so a bar jana'izarsa a koma maganata." Kafin magariba ta kama hanya.

Abin da Hamma ya tsorata ya zo bayan shekara biyu. Wani ɗan dangi ya ci karo da hoton Auta, da ɗankwali da ɗan kunne, wanda wata ƙawarta ta ɗauka a wurin biki ta sa a shafinta ba da wani mugun nufi ba. Ya turo shi guruf ɗin dangi. Kafin azahar ya zaga unguwa. Aka samo lambarta aka yi ta kira ana zagi, wasu har da barazana. Ta bar aikin, ta sauya lamba, ta sauya gari. A makarantarmu wasu malamai suka daina zama kusa da ni. Sabo, wanda ya riƙe bakinsa duk tsawon lokacin nan, shi aka riƙa tarewa a masallaci ana tambaya. Tun daga ranar Auta ba ta sake taka Bauchi ba.

Nakan yi tunanin abin da Hamma zai ce da ya ga yau. Yanzu ba sai ka yi abu ba, ana iya ɗora fuskarka a jikin wani, a ƙirƙiro muryarka tana faɗin abin da ba ka faɗa ba. Hasashen zaɓe kuwa ya bar benci ya koma waya, kowa da nasa, kowa yana zagin wanda ya saɓa masa, ba mai dariyar kansa in ya faɗi. Shagonsa ya zama wurin sayar da shawarma. Ni kaina na gaji. Na gaji da auna kowace kalma kafin in faɗa, na gaji da tambayar "ina ƙaninki?" daga bakin waɗanda sun san amsar.

In aka auna da ido, Hamma bai bar abin a zo a gani ba. Bai sasanta gidanmu ba, bai hana asiri tonuwa ba. Abin da ya bari shi ne Auta tana raye, kuma tana da gidan da za ta kira. Na san wasu irinta da ba su sami ko ɗaya daga cikin biyun ba.

Dada ta tsufa, idonta ya yi rauni. Kowace Lahadi da hantsi nakan je in gyara mata ɗaki, kuma a lokacin ne Auta take kirana. Da can nakan fita tsakar gida in amsa. Wata rana ana ruwa ban fita ba, na koma gefen gado ina magana ƙasa-ƙasa. Dada tana kan tabarma tana jan carbi, ta ba ni baya. Ba ta karɓi wayar ba, har yau ba ta taɓa karɓa ba. Amma ina cikin magana sai na ji carbin ya tsaya. Ba ta waiwayo ba ta ce, "Ƙara murya. Kin san kunnena ba ya ji."

Na ƙara. Auta tana ta ba ni labarin tsadar wake a garinsu, ba ta san wa ke saurare ba.

Allah Ya jiƙan Hamma, Ya yafe masa kurakuransa, Ya rufa masa asiri a ranar da babu mai rufa wa wani.