Mutumin da Ya Rufe Mana Ruwa Saboda Saƙar Gizo

Kafin rana ta shanye raɓa, Baba Mai Famfo ya riga ya zagaye madatsar ruwanmu. Yakan jingine kekensa a jikin gidan famfo, ya taɓa murfin injin da bayan hannu ya ji ko ya yi zafi, sannan ya ɗauki sandarsa ya bi gefen ruwa. Wannan zagayen ba ya cikin takardar aikinsa. An ɗauke shi ne ya kunna inji, ya kashe inji, ya zuba maganin tace ruwa. Shekara talatin da ɗaya ke nan, kuma ƙarshen watan nan zai miƙa makullai.

Abin da yake dubawa a cikin doguwar ciyawar bakin ruwan wani irin gizo-gizo ne mai zanen rawaya da baƙi a baya, sak rina. Wanda bai san shi ba yakan ja da baya, yana tsoron harbi. Shi kuwa ba ruwansa da mutum, fara yake jira, shi ya sa saƙarsa ba ta cika wuce gwiwa ba. In kana so ka gan ta, in ji Baba, sai ka durƙusa, ka sa rana a gabanka. Nan za ka ga kowane zare ɗauke da raɓa, mai saƙar tana tsakiya, kanta ƙasa. Manyan duk mata ne. Namijin ɗan tsurut ne, kuma sau da yawa a cikin matarsa yake ƙarewa, abin da Baba ya ce shi ma darasi ne, amma ba na ruwa ba.

Daga tsakiyar saƙar zuwa ƙasa akan ga wani farin ɗinki mai kauri, kamar haƙoran zarto. Na tambaye shi amfaninsa. Ya ce wasu na cewa ƙwari yake jawowa, wasu na cewa tsuntsu yake gargaɗi kada ya afka. Shi dai ya tambayi masu ɗinkin, ba su amsa ba. Abin da ya sani shi ne kusan kullum sukan sake saƙa kafin gari ya waye, saboda haka saƙar da ka gani yau tana nuna maka lafiyar mai ita jiya. Ɗaya in ta karkace, tsufa ce ko iska. In duk na gefe guda suka karkace, to wani abu ya taɓa su.

Bara waccan, a tsakiyar damina, wani abu ya taɓa su.

A gefen gabas, inda magudana ke shigo da ruwa cikin madatsar, ya tarar da saƙa goma sha ɗaya, tara a birkice: zare ya hau zare, ga manyan ramuka waɗanda ba ɓarnar tsuntsu ba, kamar ɗinkin wanda hannunsa ke rawa. Na yamma kuwa lafiya lau. Ya bi magudanar zuwa sama har ya kai wani lambu. Can ya ga mai lambun durƙushe yana ɗauraye tankin feshin maganin ƙwari, farin ruwa yana gangarawa. Ciyawar gefen ma an feshe ta. Mai lambun nan mijin 'yarsa Auta ne.

Baba ya sauko ya rufe babban bawul ɗin da ke sakin ruwa zuwa gari, ya kira injiniya. Injiniya ya tambaye shi ko ya san wanda ya yi. Ya ce ya sani, surukinsa ne.

Kwana huɗu ba ruwa a famfo kafin a gama gwaji da wanke tankuna. Ina cikin waɗanda suka zage shi, ba zan ɓoye ba. A layin rijiya aka naɗa shi Sarkin Gizo. Wata mata ta ce gobe kuma in ƙadangare ya yi atishawa sai a ɗauke mana wuta. Wata tsohuwa ta zame da bokiti a ka, har yau da sanda take tafiya. Gwajin ya nuna akwai maganin a ruwan. Injiniya ya ce an yi daidai, amma wani ma'aikacin ya faɗa mini mai yiwuwa matatar ta iya da shi ko ba a rufe ba. Mai yiwuwa. Babu wanda ya mutu, shi ya sa babu wanda ya san abin da aka tsere wa. Surukin kuma aka kore shi daga filin, ya koma wani tudu mai duwatsu.

Daga ranar Auta ba ta sake taka gidan mahaifinta ba. Ita ce wadda yake ɗorawa a kan keke tana ƙarama, ya koya mata durƙuso da sa rana a gaba. Shekara biyu ba gaisuwa, ba aike. Ta haihu, a bakin maƙwabta ya ji.

Na daɗe ina juya wannan al'amari, har yanzu bai kwanta mini ba. Rufe ruwan na gane. Amma sunan fa? Da ya ce bai sani ba, ya ja yaron gefe ya yi masa faɗa, da ruwan ya tsarkaka kuma 'yarsa na nan. Ƙarya ɗaya, ƙarama. Na taɓa faɗa masa haka muna tafe. Ya ce akwai lambuna bakwai a kan magudanar nan, in bai faɗi ɗaya ba, shida ne za su kwana da zargi. Na ce to bai yi nadama ba ke nan? Ya ce wa ya gaya mini. Kullum sai ya yi, kuma in an sake, haka zai sake.

Baba, kai ne wanda ya ga abin da ke ƙasa da gwiwa, mu muna wucewa da kai sama. Kai ne muka sha ruwa daga hannunka shekara talatin, muka san sunanka kwana huɗu kawai, su ma don zagi.

Tun da aka fara maganar ritayarsa na ga ya rame. Idonsa ya fara hazo, sai ya kusa dangwala hanci a saƙa kafin ya karanta ta. Wanda zai gaje shi mutumin kirki ne, ya san inji, amma ranar farko ya ce ciyawar nan maciji kawai take tarawa, za a kawo injin yanka. A cikinta kuwa ƙwan gizo-gizon yake, cikin wasu jakunkuna ruwan ƙasa kamar ƙananan tuluna, rataye a jikin kara. In an yanke, baɗi babu saƙa. Baba ya ce mini abin da ke cinsa shi ne ya ba da 'yarsa a kan wani abu, kuma abin zai ƙare ranar da ya miƙa makullai.

Talatar da ta wuce na raka shi zagaye. Da muka kusa gabas sai muka hango wata mata durƙushe a ciyawa, da goyo, da kwanon abinci a gefenta, rana a gabanta. Baba ya tsaya cak. Bai ga fuskarta ba, durƙuson ya gane.

Ta miƙe ta gaishe shi, idonta a ƙasa. Ya amsa kamar jiya suka rabu. Ta ce saƙa goma sha huɗu ne, duk lafiya, sai guda ɗaya can ƙarshe, ita ma tsohuwa ce, ta riga ta ajiye ƙwanta. Ya tambaye ta ko fushin ya sauka ne.

"Baba, ba fushi nake yi ba," in ji ta. "Na riga ka ganin su da kwana huɗu. Ta nan nake kai wa maigidana abinci. Na ga sun birkice, na san dalili, na yi shiru. Yaya zan shigo gidanka in dube ka?"

Na so in matsa in ba su wuri, amma na tsaya. Baba ya dafa sandarsa da hannu biyu. Na yi zaton zai ce ba komai. Bai ce ba, don ba ya faɗin abin da ba haka ba ne. Sai ya tambaye ta ko har yanzu ta nan take bi. Ta ce kullum.

"To in kin sake gani fa, Auta?"

"Zan faɗa."

"Ko shi ne?"

Ta gyara goyonta. Ta daɗe. "Ko shi ne."

Ya ce ta juyo masa da mutumin nan ya ga ko da wa ya yi kama. Yaron ya cafke masa gemu, Baba ya ce lallai wannan dangin uban ne, ba su da kunya.

Ban san ko za ta faɗa ba in ranar ta zo. Ita ma ba ta sani ba, mai yiwuwa shi ya sa ta daɗe. Ciyawar ma ba a gama magana a kanta ba. Sabon ma'aikacin ya ce zai bar gefen gabas bana, baɗi a gani. Da izinin Baba da 'yarsa na rubuta wannan, Auta ce ma ta ce kada in cire nata.

Baba Mai Famfo, mun gode. Ka yafe mana layin rijiya. Allah ya ba ka hutu mai daɗi, ya bar maka sauran idon da za ka ga jikanka yana durƙuso. Mu kuma da muke buɗe famfo ba tunani, kowa yana da ɗan wurin da yake bi kullum. Ya sunkuya ya duba. In ya ga abu ya karkace, kada ya kai kwana huɗu.